Innarmu Ba'amurkiyar Gobir

Ranar da muka kai Inna makwancinta damina ta yi jinkiri, geron da aka yi binne da shi yana kwance cikin ƙasa bai tsiro ba, maza kuma sun fara maganar fita roƙon ruwa. Duk da zafin da ake yi, tsakar gidanmu na Sabon Birni ya cika da mata har bakin zaure. Da yawa ba su samu zuwa ba, don hanya ba ta da lafiya a 'yan shekarun nan. Autanmu ma, da ke koyarwa a Sakkwato, bai iso ba sai washegari, ya tarar da kabari.

Ina zaune ina karɓar gaisuwa sai na ji wata amaryar maƙwabtanmu tana raɗa wa ta kusa da ita: "Ashe gaskiya na daga Amurka tat taho? Ni dut na aza Bazabarma ta, saboda Hausarta." Wata dattijuwa ta harare ta, ta ce, "Ita tak karɓi haihuwar mijinki, ke ko ba ki san ko wace ta ba."

Da hantsin kwana na biyu wata tsohuwar Bafulatana ta iso daga can bayan Burkusuma, jikanta ya goyo ta a babur. Ba ta yi kuka ba. Ta tuɓe takalmi a ƙofar ɗakin Inna, ta leƙa ciki, ta ce, "Nan na kwana shekarar da shanu sunka ƙare." Ta nemi tsintsiya ta share ɗakin tas, ta sha ruwa, ta ce jikanta ya mai da ita tun rana ba ta yi ba.

Da la'asar kuma waya ta shigo daga Amurka. Ɗiyar Kawu ce, ƙanen Inna, tana kuka tana tambayar ranar da za a yi jana'iza don su shirya zuwa. Na tattaro ɗan Turancin da ya rage mini na gaya mata tun jiya aka rufe ta, kafin rana ta faɗi. Can ta ce, "Ba wanda ya jira mu?"

Tun daga ranar nake jin ya kamata in rubuta abin da na sani. Jikoki sun san Inna tsohuwa mai faɗa a kan wanke hannu. Ni ce ɗiyarta ta fari, ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka ji abin da aka faɗa a zauren gidan nan shekarar fari na farko.

Baba ɗan gidan malamai ne, shi kaɗai aka bari ya yi boko cikin 'yan'uwansa, har gwamnati ta tura shi Amurka karatun aikin gona. Can ya gamu da Inna a wani ɗan masallaci na baƙaƙen fata. Ta riga ta musulunta kafin ta san shi, tana aikin jinya a asibiti. Can aka ɗaura musu aure, can aka haife ni. Ban wuce shekara huɗu ba muka taho. Abin da nake tunawa da ƙasar bai wuce sanyi ba, da wata mace mai ƙiba da ke ɗora ni a cinya tana ƙanshin sabulu. Ita ce kakata ta wajen uwa.

Inna ta taho ne da zaton gida ta dawo. Kakarta ta sha gaya mata cewa daga wannan ɓangaren duniya aka kwashi kakanninsu cikin jirgin ruwa, sai dai ba wanda ya san garin. Da muka sauka daga mota a Sabon Birni, yara suka biyo ta suna ihu, "Baturiya! Baturiya!" Da aka fassara mata, sai ta kama hannun Kaka, mahaifiyar Baba, ta jera shi da nata. Nata ya fi baƙi. Daga baya, da bakinta ya buɗe da Hausa, takan ce, "Can sun ce in koma Afirka. Na zo Afirka, kun ce Baturiya. To ina za ni?" A shekarun farko da dariya take faɗinta. Daga baya ta bar dariyar.

Ranar da Kaka ta fara kai ta kasuwa, sai ta tsaya gaban wata mai wake da kuɓewa, ta tsuguna ta cika hannu da waken, ta fashe da kuka. Kaka ta aza kunama ce ta harbe ta. Ashe irin waken da uwarta ke dafawa ne, mai baƙin ido, da kuɓewar da suke shukawa a bayan gida. Ta ce wa Baba ranar ce ta yarda kakarta ba tatsuniya take yi mata ba.

Hausarta ta Gobir ce tsantsa, amma har ta tsufa ba ta cika raba mace da namiji ba. Kowa "kai" ne a wurinta sau da yawa. In mace ta zo tana kukan ciwo ko na miji, za ta saurare ta har ta gama, ta ba ta magani ko shawara, sannan ta ce, "Ka mutu? To tashi." Maganar nan ta zama ta gari, har yau matan unguwarmu na faɗa wa juna ita.

Abin da ya fi tayar da hankalin Kaka shi ne rashin kunyar ɗan fari. Inna takan kira sunana da ƙarfi a tsakar gida, ta rungume ni gaban mutane, ta sumbace ni a goshi. Kaka takan rufe fuska da mayafi ta ce, "Wagga mata ba ta da ta ido." Inna ta ce, "Ni na haife shi, in ban kira sunanta ba wa za shi kira?" Haka ta haɗa shi da ta cikin magana guda, Kaka ta yi dariya har da hawaye, aka bar ta.

Kowace Lahadi takan dafa babbar tukunya: wake da kuɓewa, da wata irin wainar masara mai kauri da take gasawa cikin tukunyar ƙarfe. Dole kowa ya zauna a tabarma guda, maza da mata, a ci tare. Ba a cin abinci a tsaye a gidanta. Baffa, wan Baba, bai taɓa zuwa ba. Ya ce wannan ba tarbiyyar gidan malamai ba ce. Tana tsintar waken tana wani ɗan amo a maƙogwaro, waƙa ba kalmomi. In na tambaye ta mece ce, sai ta ce ta uwarta ce, kalmomin na coci ne, ta ajiye su ta riƙe muryar.

An haifi ƙannena biyu maza, sannan ruwa ya ɗauke. Shekara ta farko aka ce gwaji ne. Ta biyu gero ya kai gwiwa ya ƙone a tsaye. Gulbi ya zama rairayi, mata na haƙa rami a tsakiyarsa suna jiran ruwa ya taru a ƙoƙo. Baba malamin gona ne, kullum yana kan babur tsakanin Isa da Tozai da Bafarawa, ya dawo a gajiye. Muka fara cin anza, 'ya'yan wani itacen daji, wadda sai an jiƙa ta kwana da kwanaki kafin ɗacinta ya fita. Na ga manyan mata suna tona gidan tururuwa don su kwashe ƙwayar da ta tara.

Makiyaya suka gangaro daga arewa, wasu da ragowar shanu, wasu da sanda kawai. A lokacin ne Inna ta ga Bafulatanar nan ƙarƙashin wata aduwa a bayan gari, da jariri a bayanta. Da ta duba sai ta ga jaririn ya riga ya cika, uwar kuwa ta ƙi yarda kowa ya kwance goyon. Mutane sun yi magana sun gaji sun watse. Inna ba ta jin Fillanci, matar ba ta jin Hausar Inna. Ta dai zauna kusa da ita a ƙasa, tana wannan waƙa tata marar kalmomi, tun hantsi har rana ta karkata. Can matar ta kai hannu da kanta ta kwance zanen. Inna ta kawo ta gida, ta zauna a ɗakinta har damina ta gaba.

Da taimakon hatsi ya iso, jar dawa ce cikin buhuna masu rubutun Turanci. Mata suka riƙa ce wa Inna, "Ga abincin garinku ya zo." Ta karanta rubutun buhun, ta shafa shi da hannu. Da muka shiga ɗaki ta ce mini a hankali, "A garinmu dabbobi ake ba wannan." Sannan ta fito ta jiƙa ta da kanwa, ta surfa, ta tuƙa, ta ci loma ta farko a gaban kowa.

Cikin bazarar nan sanƙarau ya shigo gari, ya kama Baba. Inna ta san ciwon, ta san sunan maganinsa, amma babu shi a kusa, kuma bai ba da lokacin nemowa ba. Ta riƙe kansa a cinyarta har ya cika.

Sai takaba. Ta san hukuncin, ta kuma yi shi yadda addini ya ce, amma ban taɓa ganin abin da ya ci ta kamar watannin nan ba. Mace ce mai tafiya da sauri, mai son fita duba marasa lafiya, ga ta cikin ɗaki guda a tsakiyar zafi, ba abin da take hange ta ƙofa sai katanga da rumbun da ba komi cikinsa. Kaka takan zauna a bakin ƙofar tana jan carbi. Wata rana na ji Inna ta ce mata, "Kaka, numfashi ba shi isa ta a nan." Kaka ta ce, "Haƙuri, ɗiyata. Kwanaki na, suna wucewa." Ta ɗauki mafici ta riƙa yi mata fifita, ita da ta rasa ɗa.

Ba a daɗe da fitarta takaba ba Kawu ya iso. Dogon mutum ne, tsohon soja, ya biyo motar kaya daga Ƙauran Namoda, tufafinsa sun yi ja da ƙasa. Ya rungume Inna a ƙofar gida mutane na kallo. Da ya ga mu, sai ya kama hannun autanmu ya zagaye damtsensa da yatsu biyu, ya juya baya don kada mu ga fuskarsa. Ya zo ne ya tafi da mu duka. Uwarsu ta ce kada ya dawo ba tare da mu ba.

Aka zauna a zaure, Baffa a kan buzunsa, Kawu a kan wata kujerar katako da ta yi masa kaɗan. Inna ta tsaya a ƙofar ciki tana yi musu tafinta, ni kuma ina laɓe a bayan zanenta. Ina jin harsunan biyu a lokacin.

Baffa ba mugun mutum ba ne. A watan nan kaɗai ya rufe 'ya'yansa biyu da ƙyanda ta ɗauke. Ya ce, "Ki gaya mishi mun gode da tahiya tai. Ke baƙuwa ta, ba mu riƙe ki. In kina son komawa, Allah shi kiyaye hanya. Amma ɗiyan ƙanena ba su ƙetara ruwa."

Inna ta faɗa wa Kawu da bakinta, muryarta ba ta rawa. Kawu ya ce a gaya masa yaran nan mutuwa za su yi in sun zauna, ya dubi hannuwansu.

Baffa ya ce, "Na gani. Nawa ma na gani. In mutuwa ta, mu mutu wuri guda. Tsohuwa ta yi shekaru tana duban hanya hal ɗanta yad dawo, yanzu ya kwanta. Su ɗai sunka rage mata. Kuma can wa za shi koya musu salla?"

Inna ba ta fassara wannan ba, ta amsa da kanta: "Ni. Ko ni ba musulma ba ta, Malam?"

Baffa ya sunkuyar da kai. Ya daɗe yana murza gemu, sannan ya ce, "To, ga abin da nika iyawa. Macen, tunda can anka haihe ta, shi tahi da ita. Mazan nan za su zauna."

Wannan ma Inna ba ta fassara ba. Kawu ya tambaye ta me ya ce. Ba ta amsa ba. Ya sake tambaya. Ni ce na leƙo daga bayan zanenta na gaya masa da Turanci. Murna ta cika ni. Ina tuna cinyar matar nan mai ƙanshin sabulu, ina tuna cewa can ba a cin anza.

Kawu ya tashi tsaye ya ce, "To ki ba ni ita. Ko ɗaya ce in kai wa Mama. Ki bari in ceci ɗaya."

Inna ta dafa kaina, ta danna ni jikinta har na ji zafi. Ta fara magana da Hausa, sannan ta maimaita da Turanci, don kowannensu ya ji. Ta ce, "Kakar kakata daga hannun uwarta anka ɗauke ta anka sayar. Ita ma da ta haihu, anka ɗauke nata ɗaya-ɗaya. Shi ya sa gidanmu ba mu san sunan garinmu ba. Ba mai raba mini ɗiya ina da rai. Ko a ba ni duka, ko in zauna da duka."

Baffa bai ɗago kai ba. Kaka na kuka a bayan katanga. Kawu ya roƙe ta, ya yi faɗa, ya sake roƙo. Bayan 'yan kwanaki ya hau motar da ta kawo shi. Inna ta raka shi tasha, ta tsaya har motar ta ɓace, ba ta ɗaga hannu ba. Da muka dawo ta ɗaura zane ta hau dakan anza. Ni kuwa na ƙi yi mata magana, na ƙi cin abinci daga hannunta sai daga na Kaka. Ba ta lallashe ni ba. Ta bar ni har yunwa ta lallashe ni.

Daga ranar ba ta sake yi wa Baffa magana baki da baki ba. In gaisuwar salla ce, mu take aikawa. Ta samu aiki a ɗakin shan magani na gari, tana karɓar haihuwa, tana wanke gyambo. Masu neman aurenta sun zo, ta sallame su. Damina ta dawo, muka yi ƙiba, muka shiga makaranta. Kowace shekara takan ce in yaran nan sun girma za ta je ta ga uwarta.

Mun girma ɗin. An yi mini aure a Isa, na dawo gida goyon ciki na fari, sai ga fari na biyu. A cikinsa ne saƙo ya zo daga Kawu cewa uwarsu na kwance, kullum sunan Inna take kira. Ya shirya mata komi na tafiya, ita dai ta isa Kano. Inna ta fito da akwatin da ta zo da shi, ta goge, ta jera kaya.

Amma gidan ya riga ya rataya a wuyanta. Baffa ya makance, rumbunsa ya ƙare, 'ya'yansa maza sun tafi cin rani kudu ba labari. Iyalinsa duka daga tukunyar Inna suke ci, ta ƙofar baya, ba tare da an taɓa faɗi ba. Kaka ta kwanta, ba ta yarda kowa ya juya ta sai Inna. Ni kuma ƙafafuna sun kumbura, ta auna ni ta ga abin da bai kwanta mata ba. In ta tafi, aikin ya tsaya, tukunyar ta tsaya. Ta ce bari a ga girbi. Lokacin girbin ya zo ba a yanke ko zangarniya ba. Akwatin yana nan jingine da bango.

Wata rana da azahar na same ta zaune tana kallonsa, sai abin da na daɗe ina haɗiyewa ya fito. Na ce, "Inna, ki tahi! Yanzu ba wanda yar riƙe ki. Ke ce kike riƙe da kanki, kamar yadda kinka riƙe ni."

Ta juyo ta dube ni tsawon lokaci. Ta ce, "Har yanzu abin yana ranki."

Na ce, "Da yanzu ina can. Da na san kakata."

Ta ce, "I, na riƙe ki. Ban ce na yi daidai ba. Na ce ban iya ba. Yanzu ma ban iya ba. In na tahi kika durƙusa ba ni nan, wa za shi tsaya kanki?"

Na ce akwai ungozoma a gari. Ta ce, "Ni ce ungozomar garin." Sannan ta jawo ƙafata ta ɗora a cinyarta tana matsawa.

Haihuwar ta zo da wuya kamar yadda ta hanga. Jini ya ɓalle, ita ta tsayar da shi. Ina cikin wankan jego labari ya zo cewa uwarta ta rasu. Ba ta yi kururuwa ba. Ta kwashe kayan akwatin ta mai da su inda suke, ta tura shi ƙarƙashin gado. Da ta gama tuwon rana, maimakon ta aiki wani, sai ta ɗauki kwanon Baffa da kanta. Na bi ta a hankali na tsaya a bakin zaure.

Baffa ya ji takun da bai saba ji ba, ya ce, "Wa na?"

Ta ce, "Ni ce, Malam."

Ya gyara zama. Ya ce, "Na ji abin da yaf faru. Allah shi ba ki haƙuri." Sannan ya ce, "Ni na hana ki ganin uwarki."

Ta ajiye kwanon, ta kama hannunsa ta ɗora a kan murfin. Ta ce, "Wancan karon kai kah hana ni. Wanga karon yunwa ta. Ci, kar shi huce."

Hawaye na zuba daga idanunsa da ba su gani, yana ci yana kuka, ita kuma tana tsaye har ya gama ta ɗauki kwanon. Bayan shekaru, da ciwon ajali ya kama shi, ya aiko a nema masa gafararta. Ta ce, "Ku ce mishi na yahe, don Allah. Amma kar wanda ya ce mishi na manta, ba ni son a kai mishi ƙarya."

Shekaru suka yi ta tafiya. Yara suka bar kiranta Baturiya, ta zama Inna ga kowa. Waɗanda ta karɓi haihuwarsu suka haihu, ta karɓi nasu. Ba ta sake fita ƙasar Gobir ba in ban da Sakkwato. Da autanmu ya samu hali ya ce zai kai ta Amurka ta ga gida, lokacin Kawu ma ya rasu. Ya nuna mata hoton unguwarsu a waya. Ta sa tabarau ta duba, ta duba, ta ce ba nan ba ne. Ya ce nan ne, an rushe gidajen an yi babbar hanya. Ta miƙa masa wayar ta ce, "In je in gai da wa?"

Ta kusa casa'in lokacin da Hausarta ta fara zubewa. Da farko sunayen abubuwa ne, ta nuna ludayi ta rasa abin da za ta ce. Sannu a hankali duk ta tafi, har "ka mutu, to tashi" ɗin. Abin da ya rage mata Turanci ne, kuma ba irin na makaranta ba, wani mai ja da lanƙwasa wanda ban taɓa jin ta yi ba, na gidansu. Jikokin da suka yi jami'a ma ba su gane shi. Mata su zo gaishe ta, matan da ta yi shekara hamsin tana faɗa da dariya da su, ta dube su da ladabi irin na baƙo. In sun fita ta tambaye ni su wane ne mutanen nan, kuma yaushe za a bar ta ta fita. Salla kaɗai ba ta ɓace mata ba. Da ta ji kira za ta nemi buta.

Na baro Isa na dawo na zauna da ita, don ni kaɗai nake tsintar rabin abin da take faɗi. Turancin da na bari tun ina yarinya ya riƙa dawo mini kaɗan-kaɗan. Sai dai ba ta san ni ɗiyarta ce ba. Na yi ƙiba, na yi furfura. Mama take kirana.

Ana saura 'yan kwanaki ta rasu, da hantsi, na gama yi mata wanka na zaunar da ita a inuwa ina shafa mata mai. Sai ta kama hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Ta ce, cikin wannan Turanci nata, da muryar yarinya, "Mama, kin yi fushi da ban zo ba?"

Na ce a raina ko in gaya mata ni ce, ɗiyarta. Amma ba ni take tambaya ba.

Ta ce, "Na haɗa kaya, Mama. Wallahi na haɗa. Yaran ne. Ba yadda za ni bar su."

Na durƙusa gabanta, na tattaro kalmomin ɗaya bayan ɗaya don kada in yi kuskure. Na ce, "Ban yi fushi ba. Da kin bar su kin zo, da na kore ki kin koma."

Ta dube ni, ta yi wata 'yar dariya. Ta ce, "Na san haka za ki ce." Sannan ta saki hannuna, ta jingina da bango, ta ce in ba ta ruwa.

Allah, ga baiwarka nan ta zo maka daga nesa. Ka yafe mata, ka yalwata mata kabarinta, ka sa ta inda ba wanda zai tambaye ta daga ina take.